Hannun Wanzamin Skelby

Duk wanda ya tashi a Skelby ya san shagon Horace Entwistle. Ko ba ka taɓa zama a kujerarsa ba, ka san muryarsa, don ana jiyo ta tun daga kwanar titin da ya gangara tashar jiragen kamun kifi. Shagon yana tsakanin mai gyaran takalma da mai suyar kifi da dankali, shi ya sa tawul ɗinsa kullum rabi ƙamshin sabulu, rabi ƙaurin mai. Mutumin gajere ne, ƙirji kamar ganga, bakinsa kuwa ba ya mutuwa. Amma a hannu Allah ya yi masa baiwa. Yatsu dogaye, sirara, sai ka rantse aro ya yi. Masunta sukan dawo daga teku da gemu kamar ƙaya, su kwanta masa, ya share su tas ba ɗigon jini. Sarkin Aska suke ce masa, shi kuma bai taɓa musantawa ba.

Kowace safiya kafin ya buɗe ƙofa sai ya wasa askarsa a jikin fatar da ke rataye gefen madubi. Shau, shau, sannan ya ɗan buga ta a tafin hannu, tas. Ya sake, ya kuma sakewa. A saman shagon suke zaune shi da matarsa Enid, kuma da wannan ƙarar take sanin lokacin ɗora butar shayi ya yi.

Enid 'yar Mista Hebden ce, mai wa'azi a ƙaramin cocin kan tudu, mutumin da aka ce ko ranar auren 'yarsa haƙorinsa bai ga rana ba. Yadda aka yi ya bai wa sarkin surutu irin Horace 'yarsa, har yau ana mamaki. Ita Enid ba ta da hayaniya, amma idan ta ce a'a, to ka tattara kayanka kawai. Abu ɗaya Horace ya nema a wurinta shekara da shekaru: ta shiga silima, ta zauna kusa da shi, ta ga hannunsa a majigi. Ga yadda maganar ta samo asali.

Ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, lokacin da komai sai da katin rabo, har sukari da sabulu, sai ga mutanen fim daga Landan da manyan motoci. Fim ɗin 'yan daba za su yi, irin baƙi da farin nan da ake yayi: masu sayar da kayan sata a lungu, mace da taba a baki, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Sunansa Babu Jirgi Sai Gobe. Wai sun zaga ƙasar kaf ba su ga garin da ya kai namu muni ba. Darakta ne ya faɗa da bakinsa, yana murmushi, shi a ganinsa yabo ya yi mana.

Akwai wani wuri a fim ɗin da shugaban 'yan daba zai zaunar da wanda ya ci amanarsa a kujerar wanzami, ya wasa aska, ya shafa masa kumfa, ya yi masa askin da ba a tashi. Shagon Horace suka zaɓa. Da hantsi suka toshe tagogi da baƙin ƙyalle, suka cika wurin da fitilu masu zafi, jarumin fim ya ɗauki aska. Kyakkyawan mutum ne, ga murya, amma ya riƙe askar kamar mai shirin yanka burodi. Aka ɗauka, aka sake, aka kuma. Can sai ya tsarge bakin fatar.

Horace yana raɓe da bango. Ya yi haƙuri iya haƙurinsa, wanda da ma ba shi da yawa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "fatar nan gadon ubana ce. In yanka ta kake so, ga almakashi can."

Darakta ya dube shi, ya dubi hannunsa, ya ce, "To kai ka iya ne?"

"Ni? Fita ka tambayi haɓar garin nan."

Ya karɓi askar. Shau, shau, tas. Darakta bai bari ya gama ba ya fara ihu a cire wa jarumi kwat a sa wa wannan. Kwat ɗin ya ƙi rufe ƙirjin Horace, aka tsaga shi ta baya, tunda daga wuyan hannu zuwa yatsu kaɗai za a nuna. Aka zura masa zoben ɗan daba, aka matso da kyamara, aka rataya abin ɗaukar sauti dab da fatar. Ya wasa, ya kaɗa kumfa, ya ɗaga haɓar mutumin da ke kujera da ɗan yatsa ɗaya, a hankali, yadda yake yi wa kowa. Sau ɗaya aka ɗauka.

Ya haura bene da gudu. "Enid! Mijinki ya shiga fim!"

"Kai gaba ɗayanka?"

"Daga nan zuwa nan." Ya nuna wuyan hannu.

"To madalla. Ashe sun san inda ya kamata su tsaya, bakin ya huta."

Ta yi dariya ranar, har da hawaye. Ta ce idan fim ɗin ya zo za ta sa hularta ta zuwa coci, mai gashin tsuntsu, su zauna a kujerun sama kamar masu kuɗi. Horace bai taɓa mantawa ta faɗi haka ba, kuma bai bar ta ta manta ba.

Fim ya fito a Landan. Kai, masu sharhin jaridun nan! Ban san abin da suka ci suka kwana ba. Wani ya rubuta cewa an buɗe kwata an kira ta fim. Wani ya ce ƙasar da ta ci yaƙi jiya, maimakon ta nuna wa duniya jarumanta, ta ɓuge da tallan ɓarayinta. Mutanen da ko ƙafa ba su taɓa sakawa a Skelby ba, suka bayyana ƙarnin titunanmu kamar a can aka yanke musu cibi. Wanda ya fi kowa zafi kuwa, a kan hannun ya tare. Ya ce bai taɓa ganin hannu mai mugunta irin wannan ba, mai shi ba yau ya fara ba, kuma ƙarar wasin askar kaɗai ta hana shi cin abinci.

A zamanin nan kowane gari da kwamitinsa na sa-ido, dattawa ne masu ikon hana fim shiga garinsu ko da hukumar tacewa ta ƙasa ta amince. Namu, Mista Hebden yana ciki. Suka kulle ƙofar silima suka kalla su kaɗai, suka fito suka ce atafau. Ka ji fa. Fim ɗin da aka yi a kan titinmu, kowane gari a ƙasar nan zai gani ban da mu.

Ranar Lahadi Mista Hebden ya zo cin abincin rana kamar yadda ya saba. Ya yi addu'a mai tsawo har naman ya huce, sannan ya ajiye wuƙa ya dubi surukinsa.

"Na ga hannunka," ya ce.

Horace ya washe baki. "Kun gane shi, Baba?"

"Zoben ba naka ba ne. Tabon babban yatsan naka ne." Ya juya wajen 'yarsa. "Ya shafa wuyan bawan Allahn nan kamar uwa tana shafa jariri, Enid. Sannan ya ja. Na rufe ido, amma na makara."

Enid ta ajiye cokali. Ba ta ƙara kai loma ba.

Makon nan aka cire Horace daga mawaƙan coci. Wannan bai dame shi sosai ba, ya ce su suka yi asara. Abin da ya dame shi shi ne da ya ce wa Enid su hau jirgin ƙasa zuwa birnin da ke kusa, inda ake nunawa.

"Ba ni zuwa."

"Haba, uwargida! Wasa ne fa. Jinin ma ruwan cakulan ne, ni da kaina na lasa."

"Hannun da ke riƙe ni ne, Horace. In na gan shi yana yanka mutum, ba zan iya cire shi daga idona ba."

"Maganar tsohonki ce kika ji. Gani ya kori ji, ke dai ki gani."

"Na ce a'a."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, gaskiya. A rayuwarsa abu ɗaya ya yi da duniya ta juyo ta kalla, kuma mutum ɗaya da yake so ta kalla ta kau da kai.

Ya tafi da abokinsa Cyril Duckworth, masunci, da wasu 'yan mashaya. Da hannun ya cika majigi, wata mata a gabansu ta yi salati irin nasu ta rufe fuska da jaka. Horace ya zunguri Cyril har sai da ya yi ƙara. Fim ya ƙare, sunaye suka hau, har na mai dafa wa 'yan fim shayi, amma babu Entwistle. Kamar wannan bai isa ba, sai ga jarumin a jarida yana cewa wata da watanni ya yi yana koyon riƙon aska.

"To ka ji," in ji Cyril a jirgi. "Mutum ya ce nasa ne."

"Nasa? Wanda ya tsage min fata?"

"Hannu ai hannu ne, Sarkin Fawa."

Sunan ya bi shi. Abin haushin, mutanen coci sun yarda hannunsa ne don su zage shi, mutanen mashaya sun ƙi yarda don kada su yabe shi. Da wani ne, da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Horace kuwa sai ya yanko sharhin nan mafi zafi ya manna shi gefen madubi, daidai inda wanda ake yi wa aski zai karanta yana kwance. Wasu suka ƙaurace masa, suka koma wurin wanzamin bakin kasuwa, ya kankare musu fuska kamar mai fere dankali, suka dawo da kansu.

"Kwanta, Cyril," yakan ce yana wasa aska. "Landan ta ce ba yau na fara ba."

"In ka yanke ni matata za ta gode maka."

"Shi ya sa ba zan yanke ka ba."

Shekaru suka yi ta tafiya. Duk lokacin da ya ji an dawo da fim ɗin a wani gari, sai ya tayar da maganar. Ya tayar ranar tunawa da aurensu. Ya tayar bayan an binne Mista Hebden, da ya bari aka share makoki. Enid takan ce, "Ba don Baba ba ne," ta ci gaba da saƙarta. Daga baya fim ɗin ya ɓace, ba mai nunawa, ba mai zancensa. Yaransu suka girma suka bar gari. Takardar gefen madubi ta koma ruwan ƙasa, amma duk baƙon da ya zauna a kujerar nan sai ya sha labari, ko yana so ko ba ya so.

Sai kuma duniya ta yi juyin da ta saba. Faransawa ne suka fara, wai sun tono wani tsohon fim na Ingila da ba a yi kamarsa ba. Da Landan ta ji baƙi suna yabon abin da ta zubar, sai ta ruga bola ta ɗauko. Sababbin masu sharhi, waɗanda suna cikin zanin goyo aka yi fim ɗin, suka ce shi ne ya faɗi gaskiyar zamaninsa lokacin da kowa ke ƙarya. Jaridar nan dai, ita ɗin, wadda ta kira shi kwata, ta buga hoton hannun rabin shafi, ta ce a cikin yatsun nan ran fim ɗin yake. Ko kunya babu, ko a ce a yi haƙuri.

Yabon ya zo, amma ya tarar da Horace ba yadda ya bar shi ba. Hannun ya fara rawa. Da fari kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, ya ce sanyi ne. Wata safiya yana yi wa Cyril aski, sai ga jan layi a cikin farin kumfa.

"Ba komai," in ji Cyril da sauri. "Ni na motsa."

Bai motsa ba, kuma su biyun sun sani. Horace ya goge askar, ya naɗe, ya sa a aljihun tebur. Ya gama masa da injin nan na lantarki da ya yi shekaru yana zagi. Kafin wata ya ƙare ya juya allon ƙofa, ya rufe shagon gaba ɗaya. Aka daina jiyo muryarsa daga kwana. Enid kuwa idonta ne ya tafi, a hankali, har likita ya ce abin ya wuce yanar ido, ba aikin da za a yi. Haske da inuwa kawai take rarrabewa. Safiya ta zama shiru a gidan, sau da yawa sai rana ta ɗaga ba ta ɗora buta ba.

Ana nan sai aka ji za a rufe silimar gari a mai da ita gidan cacar bingo. Kwamitin sa-ido ya daɗe da zama tarihi. Manajan ya ce kafin ya miƙa makulli sai Skelby ta ga fim ɗinta, ranar Laraba da rana, lokacin da shaguna ke rufewa da wuri. Cyril ne ya kawo labari, yana haki saboda matakala.

"Ba ni zuwa," in ji Horace.

"Kai? Kai da ka cika mana kunne tun muna da haƙora?"

"Na ce ba ni zuwa. Ku je ku kalla."

Ya tura hannuwansa ƙarƙashin hammata. Wanzami dai ba ya son jarfa. Tsoro yake ji, tsoron ya ga waɗancan yatsun a majigi ga waɗannan a cinyarsa, kuma gari duka yana kallon duka biyun.

Ranar Laraba yana zaune gaban murhu sai ya ji ana jan akwati a ɗaki. Enid ta fito tana lalube, sanye da kwat, a kanta hular nan mai gashin tsuntsu. Asu ya ci rabin gashin, kuma ta sa ta a karkace.

"Tashi ka kai ni," ta ce.

"Ina?"

"Ka sani."

Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa nuna mata irinsa ba. "Yanzu? Yanzu, Enid? Na roƙe ki ina saurayi, na roƙe ki da furfura. Sai yau da ba ki ganin ko ƙofar ɗakin nan? Me za ki gani?"

"Za ka tsaya wa'azi ne kamar Baba, ko za ka ba ni hannu?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tashi ya gyara mata hular, da ƙyar, don yatsun ba sa bin umarni.

Silima ta cika maƙil da tsofaffi, kowa da gorar shayinsa. Suka hau kujerun sama. Da aka kashe fitila ya riƙa raɗa mata abin da ke faruwa. Ga tashar jirgi nan. Ga shagon mai takalma, an canza masa allo. Ga matar nan mai taba, ƙarya take yi masa. Mutane suna ta nuna gidajensu suna shewa, wata ta ga marigayin mijinta yana tura baro ta fashe da kuka. Aski ya zo gaban goshi. Ƙofar shagonsa ta bayyana a majigi, sai Horace ya sunkuyar da kai.

Shau. Shau. Tas.

Ƙarar ta cika ɗakin, ta fi yadda take a gaske. Surutu ya ɗauke ɗif. Wani a ƙasa ya ja numfashi. Ita ce ƙarar da ta hana mutumin Landan cin abinci.

Shau. Shau. Tas.

Sai ya ji kafaɗar Enid tana motsi. Ya ɗauka kuka take, ya juya a tsorace. Dariya take yi, ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kumatunta.

"Horace," ta ce, "lokacin ɗora buta ya yi."

Ta laluba har ta kamo hannunsa daga inda ya ɓoye shi, ta jawo shi cinyarta, ta danne rawar da tafinta biyu.

"Kai ne," ta ce. "Wane jarumi? Ni za a gaya wa? Kai ne."

"Yanzu zai ɗaga masa haɓa," ya ce. "Daga nan sai ya..."

"Bar shi ya yi abinsa. Ni dai na ji mijina."

Ya ɗaga kai ya kalla. Yatsun nan dogaye suka ɗaga haɓar da ɗan yatsa ɗaya, ga tabon nan a babban yatsa, fes. Kai, sun yi kyau. Bai san sun kai haka kyau ba.

Daga kujerar baya Cyril ya leƙo. "Sarkin Aska," ya ce, "wa bai sani ba? Mun ƙi faɗa ne kada kanka ya kasa shiga ƙofar shago."

"Rufe mana baki," in ji Enid, "ana kallo."

Washegari da safe Horace ya sauka shago. Ƙura ta rufe madubi, takardar tana nan inda take. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko askar, ya kama bakin fatar. Shau. Hannun ya kauce. Ya sake, shau, a karkace, ba daɗin ji. Ya ɗaga zai buga a tafi, ya ga yadda take rawa, ya fasa. Ya tsaya nan riƙe da ita, kunya ta rufe shi, yana fatan ba ta ji ba.

Sai ya ji takun silifa a sama. Ya ji an buɗe famfo, ruwa na zuba a buta.

"Na ji!" Enid ta ƙwalla daga kan matakala. "Hawo kafin ya huce."